Malam Edita, bidiyoyinku na cinye mana forfe a Garwa

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki ya fama da jama'a. Ni mai karanta jaridarku ne daga Garwa nan arewacin Kamaru, sana'ata daukar bidiyon biki da suna da walimar sauka, sannan ina dan taba hada shafin intanet wa kungiyoyi da makarantun islamiyya na kusa damu in an samu. Abinda yasa na rubuto shine wannan sabon salon da kuka shigo dashi na saka bidiyo a saman kusan kowane labari. Ban ce ku daina ba fa, wlh muna so, domin mu a nan bokonmu da Faransanci muka yi, akwai mutane da yawa Hausawa gaba da baya wadanda in ka basu rubutun Hausa sai sun dinga cije baki kafin su hada kalma, amma in magana ce ai ba sai an fassara musu ba. Bidiyo ya taimake su kwarai. Yadda kuke dora shi ne nake da korafi a kai.

Mutum na bude labari bidiyon zai fara tashi da kansa, ba sallama ba neman izini, kuma ba karamin bidiyo ba, babba ne tas kamar yadda kamara ta dauko shi. Kai da kake zaune a ofis da wifi ba zaka ji komai ba. Mu kuma a nan yawancinmu forfe, wato kunshin data, na kwana daya muke saye, wasu ma na 'yan awanni, da 'yan megas kirgaggu wadanda mutum ya riga ya kasafta su, wannan na WhatsApp, wannan na duba farashin kaya, wannan na kiran dan uwa a Yawunde. Sai kawai ya shigo duba kanun labari ya fita ya tarar an yi masa sakon cewa saura kadan.

Bari in yi lissafin a fili don kada a ce surutu ne kawai. Bidiyo mai 1080p, wato mai hoto tas sosai, in an matse shi daidai gwargwado yana cin kamar megabit 5 a kowace dakika. Bit takwas ke yin bayit daya, kenan minti daya ya kama mega 37 da rabi, hira ta minti goma kuma mega 375. Wannan hirar dai in aka sauko da ita 360p, a ce megabit 0.7 a dakika, zata tsaya a mega hamsin da 'yan kai. In kuma murya ce zalla a kilobit 64, minti goman nan ko mega 5 bata kai ba. To dan Allah hirar da ake yi da wani malami ko dan siyasa yana zaune kan kujera baya ko motsi, me 1080p zai kara mana, mu kirga gashin gemunsa? Wayoyin da ke hannun jama'a nan Itel ne da Tecno masu dan karamin gilashi, wasu gilashin ma ya tsage an manne da salatif, ko ka aiko musu da 4K idon bazai bambance ba, kudin ne kawai zai tafi.

Na san abinda ke faruwa domin nima masu bani aiki haka suke cewa, mun sayi wurin ajiye shafi a shekara, an ce mana ba iyaka, to ka zuba bidiyon a ciki kawai. Wannan "ba iyaka" din maganar talla ce. Irin wannan wurin mai araha kwamfuta daya ce ake raba ta wa shafuka masu dimbin yawa, an yi ta ne don rubutu da hotuna. Ka dauki mega 375 din nan, in mutum dubu suka kalla giga 375 kenan ya fita daga sabar, wato kwamfutar da ke rike da shafin, saboda hira daya tak. In kuma labari ne mai zafi mutum dari suka danna lokaci guda, kowa na jan megabit 5, ana bukatar megabit 500 a dakika, sai ka ga ba bidiyon kadai ba, shafin gaba daya ya durkushe har mai son karanta rubutu ma ya rasa. Daga nan kamfanin ya aiko da wasika cewa kun wuce gona da iri, ko ku kara kudi ko a rufe.

Sai maganar nisa, wadda ina ganin ku da ke can baku cika tunaninta ba. Galibin wadannan sabobin a Turai suke ko Amurka. Kafin bidiyo ya iso wayar mutum a Garwa sai ya biyo wayar karkashin teku, ya sauka a bakin ruwa, wayar da ake kira SAT-3 a Duwala take sauka, WACS a Limbe, akwai wadda ta hada Kiribi da Legas, akwai kuma SAIL da aka gama a 2018 daga Kiribi zuwa Fortaleza ta kasar Brazil, kusan kilomita 6,000 a cikin ruwa. Daga bakin teku kuma sai ya hau fiba ta kasa ya yo arewa fiye da kilomita dubu, Ngaundare, Garwa, Marwa, har Kusiri, daga can ya tsallaka kogi ya shiga Injamena, domin Chadi bata da teku, babban rabon intanet dinta ta wajenmu yake bi. Ko ina a wannan doguwar hanyar in masu aikin titi suka sare waya ko ruwan damina ya kwashe kasa, shikenan rezo, wato netwok, ya koma rarrafe. Kowa ya tuna 14 ga Maris 2024 lokacin da wayoyi hudu suka lalace a teku wajen Kodebuwa, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, azumi bai dade da kamawa ba, kasashe da yawa na yammaci da tsakiyar Afirka suka shiga wani hali. A irin wannan lokacin rubutu yana lallabawa ya wuce, murya ma tana wucewa, amma fayil mai mega dari uku sai dai a yi hakuri.

Manyan masu harkar bidiyo sun dade da gane wannan shi yasa basa aiko wa kowa daga gida daya. Suna amfani da abinda ake kira CDN, wato tarin sabobi da aka baza a garuruwa daban daban, kowacce na rike da kwafin abinda mutanen yankinta suka fi nema. Kamar dai siminti ne, ba kowane mai gini ke zuwa masana'anta ba, tirela ce ke kawowa depo sau daya kowa ya zo ya dauki buhunsa a kusa. Mutum na farko da ya danna shine zai jawo bidiyon daga nesa, na bayansa duk daga kusa za a basu. Akamai tun 1998 take wannan sana'ar, ga Cloudflare, ga wasu da dama, Google kuma har cikin dakunan kamfanonin sadarwa take ajiye injinanta a kasashe da yawa, shi yasa zaka ga YouTube na tafiya sumul a wayar da ta kasa bude bidiyon wani karamin shafi.

Abu na biyu da suke yi, wanda ni a ganina shine ya fi muhimmanci garemu, basa aiko da bidiyon dunkule guda. Ana yanka shi gunduwa gunduwa, kowace 'yan dakikoki kamar shida, kuma kowace gunduwa ana ajiye ta kala kala, 240p, 360p, 720p, 1080p. Wayarka ce ke auna karfin rezo tana zaba da kanta, in ya yi karfi ta dauko mai kyau, in ka shiga lungu ko jama'a suka cika layi bayan isha'i ta sauko kan karama, hoton ya dan dushe amma magana bata tsaya ba. Apple ce ta fito da wannan tsarin a 2009 da sunan HLS, akwai kuma dan uwansa DASH da ya zo daga baya. Naku bidiyon bashi da wannan, na duba, babu ko dan wurin da mutum zai danna ya rage inganci da kansa. Ko dai ka ja duka ko ka zauna kallon da'irar nan tana juyawa.

Ku zo teburin mai shayi da daddare ku ga yadda ake kallon labaranku. Mutum daya ne zai sadaukar da forfensa, ya jingina wayar a jikin gwangwanin madara, mutum biyar shida sun sunkuyo, bidiyon ya yi magana kadan ya tsaya, ya kara yi ya tsaya, sai mai wayar ya danna tsayawa yace a bari ya taru, a sha shayi tukun. Wani ya dauki wayar ya daga sama wai ko rezo zai fi kamawa. In an yi sa'a an kai karshe, tambayar farko ita ce ka turo min, sai a tarar babu yadda za a yi a tura domin ba a saukar dashi ba, kallo ne kawai aka yi, megas sun tafi kuma babu abinda ya rage a wayar. A nan bidiyo ta Xender da Bulutut da katin memori yake yawo, ko wurin yaran nan masu kwamfuta a bakin kasuwa da ke zuba wa mutane wa'azi da fina finai a kati. Mutum daya ya telesharje, wato ya sauke, da forfen dare, gari na wayewa ya raba wa unguwa. Saboda haka ina rokonku ku saka madanni na saukarwa a kasan kowane bidiyo, ku rubuta nauyinsa a gefe, karami mega kaza, murya kadai mega kaza, mutum ya san abinda zai shiga. Na san za a ce to ai in an sauke an tura ba zamu ga adadin masu kallo ba, masu talla kuma lamba suke so. Gaskiya ne. Amma ku manna tambarin jaridar a kusurwar hoton, a fadi sunanku a farko, duk inda ya je da sunanku ya je, har kauyukan da ko sanda daya ta rezo babu.

To ina za a ajiye? Mafi sauki shine ku dora a YouTube ku dauko dan rubutun nan da suke bayarwa ku manna a shafinku, bidiyon ya fito a cikin labarin amma nauyin yana kansu. Kyauta ne, su zasu yanka su matse su raba, har 144p suna yi. Google bata sayi YouTube dala biliyan 1.65 a 2006 don sadaka ba dai, akwai abinda zaku biya ta wata hanya. Tun 2021 dokarsu ta basu damar saka talla a kan bidiyonka ko da baka cikin masu samun kudi dasu, kuma ba kai zaka zabi tallar ba. Na taba hada wa wata makarantar islamiyya shafi muka saka karatun dalibai, shugaban makarantar ya kira ni rai a bace wai me ya kawo tallar da ya gani kafin karatun Alkur'ani, na rasa ta inda zan fara masa bayani. Ga kuma bidiyoyin da suke jerowa in naka ya kare, wadanda ke janye mai kallo ya bar shafinku ya tafi. Sannan injinsu mai gane waka baya wasa, ka dauki taro ana kida a baya can nesa sai a ce wakar wani ce, a toshe ko a kwashe kudin tallar a bashi, mu masu bidiyon biki mun sha wannan har mun gaji.

Facebook kuwa nan ne jama'armu suka fi taruwa babu musu, amma ban yarda jarida ta mayar dashi rumbunta ba. 'Yan uwanmu na Chadi sun gani, daga Maris 2018 har Yuli 2019 wata goma sha shida an toshe Facebook da WhatsApp da Twitter a kasar, sai mai VPN, manhajar zagaye toshewa, shi kuma VPN kara cin megas yake. Nan Kamaru ma a 2017 an yanke intanet baki daya a yankuna biyu masu magana da Ingilishi kusan wata uku. In yankewar gaba daya ce ba dabara, amma in dandali daya aka rufe, wanda ke da kwafi mara nauyi a shafinsa shi zai cigaba da isa ga mutane. Shi yasa nake cewa a raba kafa, babban bidiyon a YouTube ko wani wurin, karamin da muryar kuma a wajenku.

Akwai kuma na kudi irin su Vimeo da Cloudflare Stream da Bunny, babu talla babu bidiyon wasu, wasunsu da yawan minti suke caji wasu da yawan giga. Ga jarida kamar taku ina ganin ba zai gagara ba. Mu kanana ne abin ke mana wuya, ba don tsada kadai ba, biyan ne, da kati suke karba da dala ko yuro, mu kuma kudinmu a mobayil moni yake, sai ka nemi wani mai katin banki ka bashi sefa ya biya maka, wata ya zagayo ka neme shi baya gari.

Ko ba ku canza komai ba cikin wadannan, akwai gyaran da yaron da ke dora muku bidiyo zai iya yi yau din nan ba tare da an kashe ko dala ba. Ya sauke manhajar matse bidiyo ta HandBrake, kyauta ce, ko ffmpeg in yana da hannu. Ya matse bidiyon ya zama MP4 da tsarin matse hoto na H.264, muryar kuma AAC, H.264 din tun 2003 ake dashi kuma babu wayar da bata bude shi. Ina fadin haka ne domin wasu bidiyoyinku in an bude a tsohuwar waya murya ce ke fita gilashi baki kirin, alamar an dauka da iPhone ne aka dora kai tsaye, ita kuma tun 2017 da wani tsarin mai suna HEVC take dauka, wanda ba kowace waya ke ganewa ba. AV1 da ya fito a 2018 ya fi su rage nauyi, amma karamar wayar da bata da guntun da ke warware shi zafi take dauka batir ya zube, mu kuma da delestaj din nan, wato dauke wutar lokacin zafi in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, batir ma dukiya ce. Sannan a cikin HandBrake akwai dan akwati da aka rubuta Web Optimized, dan Allah ya rika danna shi. Fayil din MP4 yana da wani dan bangare mai bayanin inda kowane hoto da kowace murya suke, yawancin kamarori a karshen fayil suke ajiye shi, to waya ba zata iya fara nunawa ba sai ta samo shi, wannan akwatin shi ke dawo dashi gaba. Danna daya ce amma ita ke raba bidiyon da ke tashi nan take da wanda zaka yi ta jira.

Kuma a kashe tashi da kai din nan. A saka hoto daya mara nauyi da alamar dannawa, kada a jawo komai sai mutum ya danna da yatsansa.

Wani abu da ba na sabar ba amma ya shafi kallo, ku sayi makirfo na makalawa a riga. Mutanenmu zasu yafe hoto mai hazo amma ba zasu yafe muryar da iska da karar janareto suka cinye ba, musamman wanda Hausar ma ta kasuwa ce ya koya, Fulatanci ne ko Larabcin Shuwa harshensa na gida, yana bukatar ya ji kowace kalma. In da hali a rubuta takaitaccen abinda aka fada a kasan bidiyon, layi biyar ma ya isa, wanda forfensa ya kare ya karanta, Google ma rubutu yake gani in ana nema.

Na karshe, ku rike asalin bidiyoyinku a hannunku. Duk wanda ya dade a wannan harkar ya tuna zamanin Flash, tsohon tsarin nuna bidiyo na kamfanin Adobe, shafuka nawa ne suka zuba bidiyonsu a wannan tsarin, ranar 31 ga Disamba 2020 Adobe ta daina kula dashi, burauzoji suka cire shi, wadanda basu da asali a ajiye sai ramuka a tsofaffin labaransu. Hirar da kuka yi da wani dattijo yau, shekara ashirin masu zuwa babu kudin da zai sake samo ta. A ajiye a hadis, wato hard disk, guda biyu, daya a ofis daya a wani gidan, kuma a rika jona su lokaci lokaci ana dubawa. Ni nan zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 da kurar hunturu sun kashe min hadis da bikin mutane a ciki, har yau akwai gidan da in na hango maigidan sai in canza hanya.

In kuna son ku tabbatar da abinda nake fada ba sai kun zo Garwa ba, duk da in kun zo akwai kifin Binuwai. Ku karbi wayar mai gadinku ko dan aikenku, ku kashe wifi, ku sa mata data ta kwana daya mafi araha, ku bude labari uku a shafinku sannan ku duba abinda ya rage. A gaida ma'aikata baki daya, musamman mai daukar hoto, aikinsa na kyau wlh, nauyin ne kawai.

Naku mai karatu,
daga unguwar Yelwa, Garwa, Kamaru.